Sama ko ƙasa: yadda za ka zaɓi wurin dakon barewa a dazukan Amurka

Farautar barewa a Amurka, musamman a jihohin gabas da na tsakiya, farautar zama ce. Babu gayya, babu kiɗan gangi, kuma in ka ɗebe wasu 'yan jihohi, galibinsu a kudu, doka ta hana bin barewa da karnuka. Mutum zai shiga daji shi kaɗai tun da duhun asuba, ya sami wuri ya natsu, ya jira dabba ta kawo kanta. Maharbanmu na gida sun san irin wannan dako, ko a kan reshe daura da mashaya ko a bayan wani kurmi. Sai dai can kayan dakon a shago ake sayensu, kuma manyansu iri biyu ne: kujerar ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin bishiya a tsayin ƙafa 15 zuwa 20, da bukkar yadi mai tagogi da ake kafawa a ƙasa. Duk wanda ya yi niyyar shiga harkar, ko ɗalibi ne da abokan karatu suka gayyata gonar iyayensu a Wiskonsin, ko magidanci da ya daɗe a Teksas yana son cin naman da ya harbo da hannunsa, tambayar da zai fara cin karo da ita ke nan: sama zan hau ko a ƙasa zan zauna?

Shawarata, kada ka amsa ta a cikin shago. Hanyar da barewa ke bi da inda iska ke kaɗawa su ne masu amsa, sai kuma ƙarfin jikinka. Sababbin shiga da yawa kan sayi kaya tukuna, sannan su shiga daji neman inda kayan zai zauna, su ƙare a wurin da ya yi wa kujera daidai alhali barewa ba ta taɓa bi ta nan ba. Ka bar sayayya ta zo daga baya.

Mataki na 1: san dokar jiharka da mai filin

Kowace jiha da dokarta. Hukumar kula da namun daji ta jihar tana fitar da ɗan littafin dokoki duk shekara, kyauta, a intanet da shagunan sayar da lasisi. Ka karanta na bana, domin ana canza ranaku da ƙa'idoji. Yawancin jihohi suna neman sabon maharbi ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi, tsarin da jihar New York ta fara tilastawa a 1949. In da bizar karatu ko ta ziyara kake zaune, dokar tarayya ta taƙaita maka riƙe bindiga, ta kuma yi togaciya ga mai lasisin farauta da ke aiki. Ka tabbatar da matsayinka kafin ka taɓa bindigar kowa.

Daga nan sai batun filin. A dajin gwamnati, galibi an hana buga ƙusa ko murɗa matakala a jikin bishiya, kuma akwai iyakar lokacin da za ka bar kayanka. A filayen farauta na jihar Fensilfeniya, misali, ba ka ɗaura kujera fiye da mako 2 kafin a buɗe farautar barewa, ka kuma sauke ta cikin mako 2 bayan an rufe, sannan dole ta ɗauki alamar mai ita. Ko doka ta yarda ka bari, ɓarawo bai yi maka alkawari ba. Saboda haka mai farauta a dajin gwamnati abin da zai goya ya shiga da shi ya fito da shi yake bukata. Wanda mai gona ya ba izini kuwa yana iya kafa mai nauyi ya bar shi har ƙarshen kaka.

Akwai wata doka da ta shafi bukka kai tsaye. A lokacin farautar bindiga, yawancin jihohi sun wajabta riga ko hula mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, don maharba su riƙa hango juna. To, da zarar ka shiga bukka mai zanen ganye, rigar nan ta ɓace, kai ma ka ɓace wa duk mai bindigar da ke bayan tudu. Shi ya sa Wiskonsin ta ce bukkar da ke filin hukuma sai ta ɗauki ƙyalle mai wannan launi, ko ruwan hoda mai ƙyalli, wanda bai gaza murabba'in inci 144 ba, wato ƙafa ɗaya a tsaye ƙafa ɗaya a kwance, kuma a hango shi ta kowace fuska. Ko jiharka ba ta ce ba, ka ɗaura. Barewa ba ta ganin ja da ruwan lemo yadda muke gani, idonta ya fi kama shuɗi, don haka ƙyallen ba zai kore ta ba.

Mataki na 2: nemo hanyar barewa, sannan ka waiga

Rayuwar barewa mai farar wutsiya tsakanin wuri uku take: makwanci a cikin duhuwa, wurin ci, da mashaya. Da rana tana kwance. Da almuru takan taso ta nufi gonar masara ko ta waken suya, ko gindin wata bishiya da ake kira ok (oak) mai zubar da 'ya'ya, da asuba ta koma. Aikinka ka gano turbar da ke haɗa waɗannan wurare. Ka shiga dajin makonni kafin a buɗe farauta, in son samu ne bayan an yi ruwa, lokacin da sawu ke fita fes a cikin laka. Duba kashi sabo mai ɗanshi, duba gashi maƙale a wayar shinge inda suke kutsawa, duba ƙananan itatuwan da maza suka kankare wa ɓawo da ƙaho. Wajen ƙarshen Oktoba za ka fara ganin inda namiji ya tone ganye da kofato a ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo, ya bar warinsa. A jihohin arewa barbara takan yi ƙamari a farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, kuma a kwanakin nan maza suna yawo har da tsakar rana.

Wurin da ya fi kowanne shi ne inda ƙasa ta matse dabbobi suka bi ta ƙofa ɗaya: siririn kurmi tsakanin gonaki biyu, kwarin da ke tsakanin tuddai biyu, mashigin rafi inda gaɓa ta yi ƙasa, ko inda shinge ya faɗi. In ka sami irin wannan, tsaya cak a kan turbar ka juya a hankali ka dubi abin da ke kewaye da kai. Mai baka yana neman wurin zama tsakanin yadi 15 zuwa 25 daga turbar. Mai bindiga yana iya ja da baya sosai. A cikin wannan tazara, shin akwai bishiya mai rai, miƙaƙƙiya, mai kauri, da rassa ko wasu itatuwa a bayanta da za su ɓoye siffarka? In akwai, ƙofar hawa a buɗe take. In babu, an riga an yi maka zaɓi, kuma kada ka bar hanyar barewa ka bi bishiya.

Wasu ƙasashen su suke yanke hukunci da kansu. A kudancin Teksas itatuwan gajeru ne masu ƙaya, babu abin hawa, shi ya sa za ka ga akwatunan dako a kan dogayen ƙafafun ƙarfe ko bukkoki a ƙasa. A filayen Wayomin, masu baka da ke harbin wata dabba mai gudu mai kama da gada, da ake kira pronghorn, suna kafa bukka a bakin mashaya tun cikin zafin Agusta, domin ko inuwa babu. A manyan dazukan Fensilfeniya da Mishigan kuwa dogayen itatuwa sun yi yawa, ƙasansu a share, mai zama a ƙasa ana hango motsinsa daga nesa, don haka hawa ya fi karɓuwa. Inda aka sare daji ya sake tofowa ya cushe, a ƙasa ba za ka ga yadi 10 ba, amma daga sama kana leƙa cikin duhuwar. A ƙarƙashin itatuwan da rassansu suka sauko ƙasa-ƙasa kuma abin ya juye: in ka hau, ganye kawai za ka yini kallo.

Lokaci ma yana da baki a ciki. Bishiyar da ta lulluɓe ka da ganye a Satumba, a Nuwamba ta zube ta bar ka tsirara a sararin sama. Ka zaɓe ta da tunanin watan da za ka zauna a kanta.

Mataki na 3: tambayi iska

A nan nake son ka daɗe, domin a nan yawancin dako ke lalacewa. Barewa tana iya ganin abu ta tsaya tana shakka, tana iya jin ƙara ta saurara ta ci gaba da kiwo, amma in ta shaƙi warin mutum babu shawara. Za ka ga uwar garke ta ɗaga hanci, ta buga kofato a ƙasa, ta yi wani huci mai ƙarfi, sannan farar wutsiya ta tashi, duk dajin ya san da kai. Sabulu marar ƙanshi da feshin kashe wari suna rage abin, ba sa kawar da shi.

Ka ɗauki warin jikinka kamar hayaƙin murhu: yana fita daga gare ka ba tsayawa, yana bin iska, yana faɗaɗa. Wurin zamanka dole ya kasance inda iska ke tasowa daga turba zuwa gare ka, ta wuce da hayaƙin zuwa inda ba ka sa ran dabba, kamar tafki, titi ko fili. Duba hasashen yanayi a waya kafin ka fito, amma kada ka tsaya a nan, domin iskar cikin kwari ba ta bin abin da waya ta ce. Maharban can suna ɗaukar audugar wani tsiro ɗan uwan tumfafiya, su saki sili ɗaya su bi shi da ido. Za ka gan shi ya tafi yadi 20, ya yi kwana, wani lokaci ya dawo ta bayanka. Garin toka ko hoda a ƙaramar kwalba yana nuna maka abin da ke faruwa a gaban hancinka kawai, audugar kuwa tana nuna maka duk tafiyar.

A ƙasa mai tuddai akwai wata iskar da ba ta cikin hasashe. Da safe, in rana ta fara ɗumama ƙasa, iska tana hawa sama tana bin gangare. Da yamma, in inuwa ta sauka ƙasa ta huce, iska mai sanyi tana gangarowa ta taru a kwari. Amfanin kujerar bishiya a nan yake: da safe warinka yakan tashi ya wuce ta saman dabbar da ke kusa. Da yamma mai tsit kuwa, warin nan gangarowa yake yi ya zube a gindin bishiyar, ko ƙafa 25 ka hau. Saboda haka da safe ka zauna sama da turba a jikin gangare, da yamma ka zauna ƙasa da ita. Bukka mai rufaffun tagogi tana riƙe wani kaso na warin a ciki, amma abin da ya fita yana tafiya ne daidai tsayin hancin barewa. Mai bukka ba shi da rangwame ko kaɗan a batun iska.

In kana da hali, ka tanadi wuri biyu a turba ɗaya, kowane da iskar da ta dace da shi. Ranar da iska ta saɓa, haƙura da wurin ya fi, domin babban namijin da ya kama ka sau ɗaya yakan mai da yawonsa dare. Hanyar shigarka ma ka tsara ta: kada ka tsallaka turba, kada ka bi ta inda iska za ta kai warinka makwanci.

Mataki na 4: dubi jikinka da wanda zai raka ka

Ka faɗa wa kanka gaskiya. Mai jiri, mai ciwon gwiwa, mai shan maganin da ke sa barci, mai tsoron tsayi, wanda ya taso daga aikin dare bai runtsa ba, duk ƙasa ce tasu. Yawancin kujeru an rubuta musu nauyin da suke ɗauka, sau da yawa fam 300, kimanin kilo 136, kuma lissafin ya haɗa da tufafi da jaka da makami. In da yaro za ka, ko dattijo, bukka ce amsa ba tare da dogon tunani ba: yaro zai yi motsi, zai ci biskit, zai yi tambaya, kuma bangon bukka zai ɓoye duk wannan.

Sanyi ma abin lissafi ne, musamman ga wanda ya girma a Kano ko Damagaram. Zama awa huɗu ba motsi a kan ƙarfe, iskar Disamba tana ratsa ka, yana sa yatsu su sandare, kuma da waɗannan yatsun za ka kama matakala ka sauko. Wanda ya ji daɗin zama shi ke daɗewa, wanda ya daɗe shi ke ganin dabba.

Ga Musulmi akwai batun salla. Ana shiga daji kafin gari ya waye, dakon yamma kuma yakan haɗa da La'asar ya kai Magariba. A cikin bukka mai faɗi kana iya shimfiɗa darduma ka yi sallarka. A kan bishiya sai ka sauko ka sake hawa, kuma kowane hawa da sauka haɗari ne da hayaniya. Ka tsara lokutanka tun daga gida.

Mataki na 5: me za ka harba da shi

Mai baka yana bukatar ɗaga hannu ya ja tsirkiya alhali dabba tana kusa, kuma idon barewa, da yake a gefen kai yake, yana kama motsi kusan ta ko'ina in ban da bayanta. Sama tana fitar da kai daga layin idonta, bukka tana rufe motsin gaba ɗaya. Kowace da harajinta. Daga sama, kibiya tana shiga ta gadon baya ta fita ta ƙasa, jini ya zuba sosai, bin sawu ya yi sauƙi. Amma in ka yi tsayi da yawa, ko dabbar ta zo gindin bishiya, wurin da za ka samu huhu biyu ya tsuke, kuma barewar da aka huda wa huhu ɗaya tana iya tafiya mai nisa ta ɓace. Daga ƙasa kibiya tana tafiya a kwance, huhu biyu a buɗe, harbi mafi tsabta ke nan.

Mutane kan ce daga sama kibiya tana wuce saiti saboda lissafin nisa. Lissafin ƙarami ne: in kana ƙafa 20 a sama, dabba tana yadi 20 daga gindin bishiya, tsakaninku a miƙe yadi 21 ne kawai. Abin da ke sa kuskure shi ne sauke hannu maimakon lanƙwasa ƙugu, da kuma cewa ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa, dabbar ta durƙusa don ta zabura. Ka ja baka kamar a fili kake, ka sunkuya daga ƙugu, ka saita ƙasa kaɗan, kana tunanin inda kibiyar za ta fita.

Ga mai bindiga, sama tana da wata fa'ida babba: harsashi yana nufar ƙasa ya nutse. Daga bukka yana tafiya a kwance, kuma in ya kuskure yana iya cin fiye da kilomita. Tun ranar kafa bukka ka san abin da ke bayan kowace taga, gida ne, titi ne, ko tudu. Dabbar da ta tsaya a kan tudu sama ce kawai a bayanta, ba a harbinta.

In sama ka zaɓa

Kujerun iri uku ne aka fi sani. Mai tsani ita ce mafi natsuwa da sauƙin hawa, amma tana da nauyi, kuma masu ƙera ta suna cewa a yi mutum uku wajen kafawa da saukewa. Ta gonar da aka ba ka izini ce. Mai hawa da kanta ɓangare biyu ce, ta zama da ta ƙafa, kana ɗaga ɗaya ka jawo ɗaya har ka kai. Tana son bishiya miƙaƙƙiya marar rassa, mai ɓawo da haƙoranta za su kama. Ka ɗaure ɓangarorin biyu da igiya don kada na ƙafa ya sulluɓe ya bar ka a sama, kuma ka ɗan ɗaga bakinta a gindi, domin bishiya tana sirancewa in ana hawa. Ta uku ita ce ta ratayawa, da ake haɗawa da sandunan matakala masu ɗauri. Tana shiga kusan kowace bishiya, har karkatacciya, amma ita ta fi neman ƙwarewa. Sabon shiga ya fara da mai tsani.

Kafin komai ka ɗaga kai ka dubi bishiyar. Busassun rassa a sama, ɓawo mai zubewa, ramukan tsuntsu masu yawa, naman kaza a gindi, duk alamar ka wuce ne. Wani koren ƙwaro da aka gano a Mishigan a 2002 ya kashe miliyoyin wasu itatuwa da ake kira ash a jihohi da dama, kuma mataccen ash yana tsaye kamar lafiyayye sai ya karye ba gargaɗi.

Yanzu ga abin da ba na sassauci a kansa. A jihohi da yawa faɗowa daga bishiya ya fi harbin kuskure jikkata maharban barewa, kuma raunin karayar ƙashin baya ne, da ƙugu, da kai. Galibin faɗuwar tana faruwa ne wajen hawa, wajen sauka, da lokacin tsallakawa daga matakala zuwa kujera, wato daidai lokacin da mutane ba su ɗaure kansu ba tukuna. Saboda haka ɗamarar da ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi za ka sa, tun a gindin mota. Tsohon bel na ƙugu kaɗai yana iya kifar da mutum ko ya shaƙe shi, ka jefar da shi. Ka ɗaura doguwar igiyar tsira daga saman kujera har ƙasa, mai ƙullin Prusik, wanda ke zamewa in ka tura shi da hannu ya kuma cije in nauyi ya faɗa masa. Ka maƙala kanka kafin ƙafarka ta bar ƙasa, kada ka kwance sai ta dawo ƙasa. Wajen hawa, ko yaushe gaɓoɓi uku suna riƙe, ɗaya ke motsi. Matakalar ƙarshe ta wuce dandamalin ƙafa, don ka sauko kansa daga sama, ka fara gwada shi da ƙafa ɗaya.

Hannunka ba ya ɗaukar komai. Bindiga, bayan ka cire harsashi, da baka da jaka, da igiya ake jawo su in ka zauna ka natsu, bakin bindiga yana kallon ƙasa. Ka ɗaure igiyar bayanka a jikin bishiya sama da kanka, ta yadda in kana zaune ba ta da sako-sako, don ko ka zame ba za ka wuce inda za ka iya komawa ba.

Ɗamara tana tare faɗuwa, amma rataya cikinta wani haɗarin ne. Maɗaurin cinya yana matse jijiya, jini ya taru a ƙafafu, mutum yana iya suma cikin ɗan lokaci. Akwai wani maɗauri da ke zuwa tare da ita wanda za ka saƙala ka taka ka miƙe, nauyi ya bar cinya. A aljihun gaba yake zama, tare da waya da usur, inda hannu ɗaya zai kai. Ka gwada duk wannan a tsakar gida, ƙafa biyu daga ƙasa, wani yana tsaye. Kuma kullum wani a gida ya san bishiyar da kake da lokacin dawowarka.

In ƙasa ka zaɓa

Barewa ta san dajinta ciki da bai. Baƙon ƙunshi da ya tsiro dare ɗaya a gefen turba zai sa ta tsaya nesa ta ƙura masa ido, ta canza hanya. Don haka bukka tana son a kafa ta aƙalla mako biyu kafin ranar, in doka ta yarda. Sabuwa ka fara shanya ta a waje warin kanti ya fita. Ka jingina ta da wani abu da ya fi ta girma, kurmi, faɗaɗɗiyar bishiya ko gefen masara, sannan ka lulluɓe rufin da kusurwoyin da rassa da ciyawar wurin har siffar akwati ta ɓace. Talotalon daji, wanda ake farauta da bazara, bai damu da wannan ba, ana kafa masa bukka a tsakiyar fili da asuba ya zo har gabanta.

Sirrin bukka duhun cikinta ne. Baƙaƙen kaya za ka sa daga ƙugu zuwa sama, har fuska da hannu, in dokar launi ta ba da dama. Tagogin baya a rufe ruf, domin in haske ya ratsa gaba da baya, inuwarka za ta fito a tsakiya. Na gaba ka buɗe ɗaya ko biyu, daidai bukata, ka bar su haka tun ranar kafawa don dabbobi su saba da baƙin ramin. Ka zauna can baya. Kada ta fuskanci gabas in da safe za ka zauna, ko yamma in da la'asar, domin rana za ta haska ka ta kuma kashe maka ido. Share busasshen ganye daga ciki har ka ga ƙasa, kujerar zama kuma ta kasance marar ƙara.

Kafin ranar, zauna a kujerar ka ɗaga makaminka ka gwada kowace taga. Kibiya tana ƙasa da abin saiti da 'yan inci, haka bakin bindiga yana ƙasa da madubinta, don haka ido yana iya ganin fili alhali kibiya bakin taga za ta daka. Mai baka ya tabbatar kan bakan ba ya taɓa rufi, mai baka mai kunama irin ta bindiga ya tabbatar fikafikanta ba za su bugi bango ba. Ragar taga da ake harbi ta cikinta ta kibiya mai kafaffen kai ce. Mai kan da ke buɗewa tana iya buɗewa tun a raga, bindiga kuwa ba a harba ta ta ciki.

Ka kafe ta da turaku da igiya, domin iska tana ɗauke bukka ta kai ta gonar maƙwabci. Dusar ƙanƙara tana danne rufi ta karya sanduna, sai ka tokare tsakiya da sanda in za ka bar ta. Inda akwai shanu, za su tattake ta. Duk ranar da ka zo, haska ciki da tocila kafin ka shiga, saboda maciji da rina, in ka koma gida kuma ka duba jikinka saboda kaska, wadda a arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna take ɗauke da cutar Lyme. In ka kunna na'urar ɗumama mai gas, bar taga a buɗe sama da ƙasa, domin iskar da take fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya bai rasa ba. Gindin faɗaɗɗiyar bishiya, ko jingina da kututturen da ya fi kafaɗunka faɗi tare da 'yan rassa a gaba, ya ciyar da gidaje da nama tun kafin a ƙera kujerar farko. Abin da yake nema natsuwa ce da iska mai kyau. Ni a ganina duk sabon maharbi ya yi kakarsa ta farko a ƙasa: a nan zai koyi iska da haƙuri ba tare da ya haɗa su da koyon hawa ba.

Bayan harbi

Ka ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi, in ka iske dabbar da sauran rai ka yanka. Daga sama kana ganin inda ta bi da inda ta faɗi, amma saukowa tana cin lokaci, kuma jiki na rawa a wannan lokacin. Zauna numfashinka ya daidaita, sauke makami da igiya, sannan ka sauko a ɗaure. Daga bukka fita ɗaya ce, sai dai ciyawa takan ɓoye maka inda ta nufa, don haka ka riƙe bishiyar ƙarshe da ka gan ta a ido. Ana koya wa maharban can su jira kamar rabin awa kafin bin sawu, fiye da haka sosai in harbin ya sami hanta ko tumbi, don kada a tayar da ita ta yi nisa. Malaman Malikiyya kuma sun yi magana a kan jinkirin bin abin farauta. Ka zauna da malaminka a kan wannan tun kafin kaka ta kama, kuma ka ƙi duk harbin da ba ka da tabbacin zai sami huhu biyu.

In an rufe farauta, sauke komai. Rana tana cinye maɗauri, kurege yana gaigayarsa, bishiya tana ƙara kauri ta ja shi har ya tsinke. Kujerar da ta kwana shekara a daji ba a hawanta sai an sauke ta an duba kowane ƙulli da kowace waya, an canza maɗauran da suka koɗe. Bukka kuma ka bari ta bushe sarai kafin ka naɗe ta, in ba haka ba fumfuna za ta ci yadin kafin Satumba.